Rana tana ruɓar da busasshen ganye ne, ko busar da shi kawai take yi?

Ɗaliba_Aji3 ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu ilimin kimiyyar ƙasa da tsirrai ku taimaka min da wani abu da ya tsaya min a rai. Tun muna sakandare abin da aka koya mana shi ne mataccen ganye ko ciyawa in ya faɗi ƙasa, bakteriya da funfuna da tsutsotsi ne ke cinye shi har ya koma ƙasa, kuma su waɗannan halittun ba sa aiki sai da laima. To ni a haka na riƙe abin, in ba ruwa ba ruɓewa, shi ke nan.

Amma akwai wani fili da nake wucewa ta gefensa kusan kullum, bayan ruwa ya ɗauke ciyawar ta bushe a tsaye, da farko ruwan ɗorawa ce mai ƙarfi har tana yankar ƙafa, bayan wata uku ko huɗu sai na ga ta koma toka-toka, in ka murza ta a hannu sai ta marmashe kamar gari, kuma duk tsawon lokacin nan ko ɗigo ɗaya ba a yi ba, dabbobi ma ba sa shiga wurin saboda an kewaye shi. Abin da ya fi ɗaure min kai, irin ciyawar dai da ke ƙarƙashin inuwar katanga ita tana nan da ƙarfinta da kalarta. Ni da zan ɗauka ta inuwa ce za ta fara lalacewa tunda ta fi samun sanyi. Jiya a lakca malaminmu ya ambata a gurguje cewa wai hasken rana da kansa yana ruɓar da ganye, kafin in ɗaga hannu lokaci ya ƙare ya fita. Shin da gaske ne? In da gaske ne ta yaya haske da ba shi da baki zai ci ganye, kuma abin da ya ci ɗin ina yake zuwa?

TsohonMalami ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Wallahi tambayarki ta min daɗi, don abin da kika gani da idonki shi ne ya daɗe yana rikita masu bincike. Malaminku gaskiya ya faɗa, sai dai kalmar ruɓewa ce ke kawo ruɗani, domin mu in an ce abu ya ruɓe muna tuna laima da wari da funfuna. Abin da rana ke yi ya fi kama da karyawa, tana tsinka abubuwan da suka haɗa jikin ganyen ne a hankali har ya rasa ƙarfi ya kuma rasa nauyi.

Ki tuna bokitin roba da aka bari a tsakar rana shekara guda, yadda yake koɗewa, ranar da kika ɗauka sai ya fashe a hannunki. Ko jarida da aka manta a bakin taga ta koma ruwan ɗorawa. Ko katako da ba a yi wa fenti ba ya koma toka-toka. Babu wata halitta da ta ci su, haske ne. Ita jaridar da katakon ma sinadari ɗaya ne ke lalacewa a cikinsu da wanda ke lalacewa a ciyawarki, sunansa liginin. Jikin tsiro mafi yawansa selulos ne, wato zaruruwan da ke cikin bangon ƙwayoyinsa, shi kuma liginin shi ne kamar simintin da ya lulluɓe zaruruwan ya ba kara da itace taurinsu, a busasshen itace yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. To a wajen bakteriya da yawancin funfuna liginin ƙashi ne, da ƙyar suke taɓa shi, wasu 'yan nau'o'in funfuna ne kawai suka ƙware a kansa. Amma a wajen haske shi ne mafi sauƙin kamu, saboda yana zuƙe haske sosai, selulos kuwa kusan ba ya zuƙa. Kin ga abin da ya fi ƙarfin masu baki shi ne ya fi rauni a gaban rana.

Hasken da ke wannan aiki ba iri ɗaya ba ne. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, ana bambanta shi da tsawon zangon igiyar a ma'aunin nanomita. Akwai UV, hasken rana da ido ba ya gani, kashi biyu ne ke iso mu: UV-B mai tsawon zango daga nanomita 280 zuwa 315, akwai UV-A daga 315 zuwa 400, sai wanda ido ke gani daga 400 zuwa 700. Duk gajartar zango, duk ƙarfin bugun. Da farko kowa UV ya sa wa ido, musamman bayan an gano rami a ozon, shimfiɗar iskar da ke tace UV a sararin sama, a saman Antatika a 1985 hankalin duniya ya koma kansa, daga baya aka gane cewa shuɗi da koren hasken da muke gani ma suna da babban kaso, bugunsu bai kai na UV ba amma sun fi shi yawa nesa ba kusa ba.

Binciken da ya fi fito da maganar fili shi ne na Amy Austin da Lucía Vivanco a yankin Patagoniya na ƙasar Ajantina, busasshen fili ne mai ciyawa da ƙananan itatuwa, ya fito a mujallar Nature a 2006. Sun ajiye mataccen ganye a ƙarƙashin ledoji masu tace haske iri-iri. Da suka tare UV-B kaɗai, lalacewar ganyen ta ragu da kashi 33 cikin ɗari, da suka tare hasken gaba ɗaya ta ragu da kashi 60. Sannan suka sa magani suka rage bakteriya da funfuna, abin mamaki hakan bai kawo wani canjin a zo a gani ba. Wato a wannan wurin rana ce babbar ma'aikaciya, ƙananan halittu 'yan rakiya ne.

Game da inda abin yake zuwa, nan ne ni abin ya fi taɓa ni. Wani kaso na kabon ɗin da ke cikin ganyen yana tashi sama kai tsaye a matsayin iskar kabon dayoksaid, da ɗan kabon monoksaid, da iskar mitan (methane) kaɗan ƙwarai. An gwada a ɗakin gwaji da ganyen da aka kashe duk wata halitta a jikinsa, aka haska shi, iskar ta ci gaba da fita. Ma'ana wannan kabon ɗin bai bi ta cikin kowace halitta ba, bai shiga ƙasa ya zama taki ba, daga kara sai sama. Sauran kuma ya zama ɓarɓashi da ƙananan sinadarai masu narkewa, ruwan farko ya wanke su.

MaiGona77 ya amsa:

Malam Allah ya ƙara sani, amma ka yi haƙuri ni dai ban gamsu gaba ɗaya ba. Ni ba ɗan boko ba ne sosai amma shekaruna da yawa ina kallon kara da ciyawa suna ɓacewa a gona, kuma in ka tambaye ni wa ya cinye zan ce maka gara. Ka ɗaga karan da ya kwana biyu a ƙasa ka ga yadda ta yi masa rufin ƙasa ta cinye cikinsa ta bar maka ɓawo, kuma gara ba ta jiran damina, daga can ƙasa take kawo laimarta. Ga iska da ke karya busasshiyar ciyawa ta kwashe, ga yashi da ke gogar ta. To ta yaya za a ce rana ce?

Na biyu kuma, wannan gwajin na leda, ai in ka rufe abu ka tare masa rana ka kuma rage masa zafi, to wa ya sani ko zafin ne ke yin aikin ba hasken ba? Ƙasa da tsakar rana takan yi zafin da ba ka iya taka ta ba takalmi, ko tukunya ka ɗora a wuta ai abin ciki zai canja ba tare da wani haske ba. Ba musu nake don musu ba, so nake in fahimta, don in rana ce ke kwashe min amfanin karan da nake bari a gona to ya kamata in canja tsari.

Malama_Tsirrai ta amsa:

Baba MaiGona gaskiya tambayoyinka biyun nan su ne masu binciken ma suka yi ta jefa wa junansu, ba ka kauce ba ko kaɗan.

Maganar gara ka yi daidai ɗari bisa ɗari, a wurare masu zafi da bushewa inda gara ke da yawa tana iya zama ita ce mafi cin mataccen tsiro, babu mai musun haka. Sakamakon Patagoniya na Patagoniya ne, wuri ne mai sanyi da iska, ba za a ɗauki kashi 60 ɗin nan a manna wa kowane fili a duniya ba, an maimaita irin gwajin a wasu wurare an samu ƙasa da haka sosai, wasu wuraren ma kusan ba a ga bambanci ba. Amma ka lura da abin da ɗalibarmu ta faɗa, ciyawarta a tsaye take ba ta faɗi ba, kuma ba wai ɓacewa ta yi ba, kala ta canja ta yi laushi tana marmashewa. Gara tana ci ne ta bar rami da ƙasa a jiki, ba ta mayar da kara toka-toka daga waje. Wannan sawun rana ne.

Zafi kuma, masu gwajin sun yi tunaninsa, shi ya sa ba rufi ɗaya ake sakawa ba. Ana sa leda a kan duka biyun, ɗaya mai barin UV ya wuce, ɗaya mai tare shi, a ido kusan iri ɗaya ne, zafin ƙarƙashinsu ma kusan ɗaya kuma ana auna shi, sannan a yi musu ƙofofi don ruwa da iska su shiga. In aka ga bambanci tsakanin biyun to ba zafi ba ne. Amma zafin ma ba a wanke shi ba, saman ƙasa a hamada yana wuce digiri 60, kuma an ga cewa zafi shi kaɗai ko a cikin duhu yana sa busasshen ganye ya fitar da ɗan iskar kabon, haɗuwarsa da haske kuma tana ƙara abin. Don haka su biyun tare suke tafiya.

Abin da nake so in ƙara a kan bayanin Malam, wanda ni a ganina shi ne ma ya fi muhimmanci, shi ne rana da ƙananan halittu ba kishiyoyi ba ne kullum, sau da yawa rana share musu hanya take yi. In haske ya fasa simintin nan na liginin, zaruruwan selulos da ke ɓoye sai su fito fili, ranar da laima ta zo funfuna da bakteriya sai su same su a buɗe su hau ci da sauri. Austin ɗin dai da abokan aikinta sun nuna haka a 2016 da ganyen tsirrai nau'i-nau'i, wanda ya sha rana ya fi saurin ciyuwa daga baya fiye da wanda aka ɓoye. Shi ya sa ciyawar da ta sha ranar rani take narkewa cikin 'yan makonni da zarar ruwa ya sauka. Kuma ba sai an jira damina ba ma, raɓar dare kaɗai tana isa ta farkar da funfunan da ke jikin kara na 'yan awanni, a hamadar Namib an ga funfuna na cin busasshiyar ciyawa a tsaye da taimakon raɓa da hazo mai laima da ke tasowa daga teku. Rana ta yi aikin yini, su su karɓa da dare. Don haka 'yar'uwa ko da kika ce ba a yi ruwa ba, kada ki cire raɓa daga lissafi.

Amma akwai ɗaya gefen, UV yana lalata ƙwayoyin gadon bakteriya da funfuna, yana kashe su, rana kuma tana busar da ganyen da suke buƙatarsa da danshi. To a wurin da ruwa ke da yawa, inda dama su ne ke yin kusan duk aikin, rana tana iya rage saurin ruɓewa maimakon ta ƙara. A cikin dajin da ya rufe sosai irin na Amazon ko Kwango hasken da ke kaiwa ƙasa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba, can maganar rana ba ta da wani nauyi sai inda bishiya ta faɗi ko aka sare aka buɗe sama.

Ɗaliba_Aji3 ta amsa:

Kai na gode ƙwarai Malam, na gode Anti, Baba kai ma tambayarka ta amfane ni. Raɓa kam ana yi, da sassafe takalmina kan jiƙe in na bi ta gefen, ban taɓa kawo ta a lissafi ba sam. Yanzu na gane dalilin da ta inuwar katanga ta fi daɗewa. Saura abu biyu, in dai haske na da wannan ƙarfin me ya sa gungumen itace ke shekaru a rana bai ƙare ba? Sannan wannan duk yana da wani tasiri babba ne a duniya ko dai abin sha'awa ne kawai na 'yan bincike? Ina tunanin in ɗauke shi a matsayin furojet ɗina na ƙarshe shi ya sa nake son sanin ko ya kai.

TsohonMalami ya amsa:

Na farkon amsarsa gajeriya ce, haske ba ya nutsewa. A jikin itace bai kai ko milimita ɗaya yake shiga ba, fatar sama kawai yake ci, in kika kankare tokar da wuƙa za ki ga kalar asali a ƙasa. Ganyen ciyawa kuwa siriri ne, kusan dukkansa fata ne, shi ya sa ya fi shan wahala, ballantana in yana tsaye rana na dukansa ta kowane gefe wata da watanni. Haka in ganye ya taru ya yi tudu, na sama ne kaɗai ke ganin rana, na ƙasa yana cikin inuwar ɗan'uwansa.

Wannan ya kawo ni ga abin da MaiGona ya tambaya game da gonarsa. Ƙura ko yashi kaɗan in ya rufe ganye ya tare hasken ke nan. Heather Throop da Steven Archer sun yi aiki a kan haka a Arizona ta Amurka, a 2007 suka nuna cewa yawan ƙasar da ta gauraya da ganye yana da alaƙa mai ƙarfi da saurin lalacewarsa, don ƙasar tana kawo ƙananan halittu tana kuma riƙe musu laima. Wato ganye guda yana iya fara rayuwarsa ta bayan mutuwa a hannun rana, iska ta binne shi, ya ƙarasa a hannun funfuna. Ni a ra'ayina ɗan'uwa, karan da aka kwantar ya taɓa ƙasa, ya yi kauri, ko aka ɗan watsa masa ƙasa, ya fi wanda aka bari a tsaye amfani ga gonar, don abin da gara da funfuna suka ci a cikin ƙasar yake zagayawa, wanda rana ta ci kuwa wani kasonsa ya tafi ke nan. Kuma kada ka ce za ka kwashe shi saboda tsoron rana, shimfiɗar nan ita ke kare ƙasar daga zafi da zaizaya.

Na biyun kuma 'yata, ya kai har ya wuce. Busassun yankuna sun kai kusan kashi 41 cikin ɗari na doron ƙasa, ba ƙaramin wuri ba ne. Tsoffin lissafin da ake hasashen ruɓewa da su, kamar na wani mai bincike Meentemeyer na 1978, an gina su ne a kan laima da zafi da yawan liginin, suna cewa in wuri ya bushe kuma liginin ya yi yawa to ruɓewa za ta yi jinkiri. A dazuzzuka lissafin yana fita daidai, da aka kai shi hamada sai aka ga ganye na ƙarewa da sauri fiye da yadda aka hasashe, tun farkon shekarun 1980 Walter Whitford da abokansa suka nuna wannan giɓin. Haka wani babban gwaji na shekara 10 da aka yi a wurare masu yanayi daban-daban, wanda sakamakonsa ya fito a mujallar Science a 2007, ya samu cewa yadda ganye ke sakin naitirojin, sinadarin nan na taki da tsiro ke buƙata, yana bin tsari ɗaya kusan ko'ina, sai a busassun filayen ciyawa masu shan UV sosai ne abin ya kauce. A al'ada ƙananan halittu sukan fara riƙe naitirojin a jikinsu kafin su sake shi, a can ba a ga wannan riƙon ba, alamar cewa ba su ne ke jan ragamar ba. To duk mai lissafin yawan kabon da ƙasa ke ajiyewa da wanda ke komawa sama, in ya manta da rana lissafinsa zai karkace, kuma duk inda aka sare itatuwa ko fari ya rage inuwa, an ƙara wa rana filin aiki ne.

In za ki yi furojet ɗin ki kula da abu ɗaya, jakar raga da aka saba zuba ganye a ciki a ajiye a fili ita kanta tana tare wani kaso na haske, wannan na cikin dalilan da suka sa aka daɗe ba a lura da aikin rana ba. Ki nemi raga mai faɗin ido ko ki bar saman a buɗe a ƙarƙashin ledar tacewa.

Malama_Tsirrai ta amsa:

Ƙari a kan na Malam, ki busar da ganyen sosai ki auna nauyinsa kafin ki ajiye, haka duk lokacin da kika ɗauko ki sake busarwa kafin awo, in ba haka ba nauyin ruwa za ki yi ta aunawa. Ƙura ma za ta yaudare ki don tana ƙara nauyi, sai kin kakkaɓe da burushi mai laushi, in lab ɗinku na da murhun ƙona samfur ki ƙona kaɗan ki cire nauyin tokar. Ki ɗaga wasu daga ƙasa a kan waya yadda gara ba za ta kai ba, wasu ki bar su a ƙasa, da haka za ki amsa wa Baba MaiGona tambayarsa da lambobi. Kuma kada ki yi kwano ɗaya ɗaya, kowane rukuni ki yi aƙalla biyar. Ni da zan ba ki shawara ki ajiye rabin wanda ya sha rana da rabin wanda ya zauna a inuwa, in rani ya ƙare ki jiƙa su duka ki binne a ƙasa iri ɗaya na wata biyu ki ga wanne zai riga ƙarewa, wannan ɓangaren ne zai fi ba supabaisanki sha'awa.

MaiGona77 ya amsa:

To Malam na ji, Malama na gode, maganar leda biyun nan ita ta warware min. Bana zan raba gefe ɗaya na gonar, rabi in kwantar da karan in ɗan rufe da ƙasa, rabi in bar shi a tsaye yadda na saba, in Allah ya kai mu saukar ruwa zan zo in faɗa muku abin da na gani. Ke kuma 'yata in kin fara awonki ki riƙa sako mana hotuna a nan, ina son ganin na kan wayar nan da gara ba ta taɓa ba.